Hannu Ya Kama, Faranti Ya Saki

Ƙorafin da aka fi kawo wa mai gyaran babur a kan kuloci bai wuce kalma uku ba: ba ya kamawa. Haka ɗan acaɓa zai ce, haka malamin firamare mai zuwa ƙauye kowace safiya zai ce, haka manomin da ya saba ɗora wa Boxer ɗinsa buhu biyu na masara zai ce. Amma da za ka zauna a bencin gareji ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya, sai ka tarar ba ciwo ɗaya suke nufi ba. Sau da yawa ma ciwon wannan kishiyar na wancan ne, har gyaran da zai warkar da ɗaya shi ne zai ƙarasa ɗayan.

Laifin ba na masu baburan ba ne. Abin ne aka ƙera a juye. Idan mahayi ya damƙe ƙarfen nan na hannun hagu, mukan ce ya kama kuloci. To, a daidai wannan lokacin, can cikin inji, kuloci saki ya yi. Idan ya buɗe yatsu muka ce ya saki kuloci, a lokacin ne kulocin ke kamawa. Mahayi daga hannunsa yake magana, domin nan yake jin abin. Makaniki kuwa daga cikin inji yake magana, domin nan yake zura sifana. Sai su yi ta jifan juna da kalma ɗaya, kowa na ganin an fahimce shi.

Sai an leƙa ciki kafin a gane dalili. A gefen dama na injin irin su Boxer, da CG 125 ɗin da Honda ta fito da shi a 1975 wanda masana'antun ƙasar Sin suka yi ta kwaikwaya, akwai gidan kuloci, yana zaune tsamo-tsamo cikin baƙin mai. A cikinsa an jera faranti iri biyu, ɗaya na bin ɗaya: mai fata, na ƙarfe zalla, mai fata, na ƙarfe. Filet makanikai ke ce musu. Masu fatar suna da kunnuwa a waje da suka shiga tsagin gidan, su inji ke juyawa. Na ƙarfen haƙoransu a ciki suke, sun cije cibiyar da ke kai ƙarfi ga giya. Sifirin, galibi huɗu, su ke matse jerin wuri guda. Muddin suna matse, duk abin da inji ya yi sai taya ta ji. Aikin hannu bai wuce ya ja waya ba, waya ta ja ɗan ƙarfen da zai danne sifirin, faranti su ɗan ware. Warewar ba ta da yawa. In an raba ta tsakaninsu, kowane faranti bai samu ko milimita ɗaya ba. A wannan ɗan tsukin duk rigimar take.

Mai ƙorafi na farko, da ya ce ba ya kamawa, santsi yake nufi. Ya saki hannu, ya ba da wuta, inji ya ɗauki kuka, amma tafiya ba ta ƙaru daidai da kukan ba. A giya ta ɗaya ba a cika ganewa ba. Sai an kai giyar ƙarshe, ko an ɗauki kaya, ko an fuskanci tudu. Mai hawa hanya irin ta Hawan Kibo zai riga mai yawo a shimfiɗaɗɗen titin Kano ganewa da nisa, ko da faranti nasu sun cinye daidai da daidai. Gwajin ba wuya: a shiga giyar ƙarshe ana tafiya a hankali, a murɗa totur gaba ɗaya. Lafiyayyen kuloci zai sa inji ya yi nishi yana ƙara gudu sannu sannu, kuka da tafiya suna tashi tare. Mai santsi kuwa kukan ne zai yi gaba ya bar tafiya a baya. In abin ya yi nisa har ƙauri ake ji, in an buɗe murfin mai a shinshina.

Mai ƙorafi na biyu shi ma ba ya kamawa ya ce, amma hannunsa yake ba wa labari. Ya matse ƙarfe har ya taɓa roba, duk da haka babur na son tafiya. Yana tsaye a danja, giya a ciki, sai ya ji mashin na jan sa gaba, ya kafa ƙafa ya taka birki, ko injin ya mutu. Ya danna giya ta ɗaya ya ji ƙau! kamar wani abu ya karye. Neman firi ya zama aiki: daga ɗaya ya tsallake zuwa biyu, daga biyu ya koma ɗaya, sai ya kashe injin sannan firi ta samu cikin sauƙi. Wannan a wurin makaniki ba rashin kamu ba ne, ƙin saki ne. Faranti sun ƙi rabuwa.

Na lura makanikin da ya san hannunsa ba ya gardama da kalmar mai babur, ba ya kuma karɓar ta yadda ta zo. Tambaya yake yi, gajeriya.

"Malam, in ka saki ne ba ya tafiya, ko in ka kama ne ba ya tsayawa?"

"To, Oga, shi dai ba daidai yake ba."

"Na ji. A ina yake ci? Kusa da roba, ko sai ka kusa sakin sa duka?"

"Can sama. Sai yatsuna sun kusa miƙewa."

"Da kaya ko ba kaya?"

Kafin a kawo nan, ya riga ya san rabin abin da ke ciki, bai kwance noti ko ɗaya ba. Hannunsa kuma yana kan ƙarfen kulocin, yana taɓa shi da yatsa ɗaya, a hankali, ba matsa ba, taɓawa kawai. Wasa yake nema.

Ban san wata kalma a bakin masu gyara da ake wa mummunar fahimta kamar wannan ba. A wurare da yawa a jikin babur wasa aibi ne. Taya mai wasa haɗari ce, kai mai wasa sai an ɗaure, sarƙa in wasanta ya yi yawa tsalle take. Yaron gareji tun ranar da aka kawo shi abin da kunnensa ke ji ke nan: ɗaure, ƙara matsewa, kada ka bar shi yana wasa. Sai ga wurin da rashin wasa ne ciwon. Dole ƙarfen kuloci ya yi ɗan motsin banza kafin waya ta fara ja. Littafin Honda na ƙananan babura yakan ce milimita 10 zuwa 20 in an auna a ƙarshen ƙarfen. A gindinsa, inda yake haɗuwa da mazauninsa, abin bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wanda masu gyara ke aunawa da ido. Wannan motsin da ba ya aikin komai shi ne shaidar cewa waya ta sakar wa sifirin mara, suna matse faranti da dukkan ƙarfinsu. In babu shi, to kullum akwai wani ɗan ja da ke kan faranti, ko da mahayi bai taɓa komai ba. Suna goga, suna zafi, suna cinyewa, mai babur na ta mamakin mai da mashin ke sha.

Akwai masu babur da ke zuwa takanas su ce a ɗaure musu kuloci ya yi tsam, wai sun fi jin daɗinsa haka, da an taɓa ya amsa. Makaniki mai neman a rabu lafiya sai ya murɗa musu. Ni dai a ganina wannan ba kyautatawa ba ce, sayar da faranti ne a kan bashi.

Abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne, abubuwa biyu ke lalacewa a lokaci guda, kowanne na jan wasan zuwa nasa ɓangaren. Waya tana miƙewa da tsufa, bawonta na lotsewa, wasa na ƙaruwa, wurin ci na matsowa kusa da roba, har a kai ga ƙin saki. Faranti kuwa suna sirancewa, jerin na gajarcewa, a yawancin waɗannan injuna wasa na raguwa, wurin ci na gudu can sama, har a kai ga santsi. Wani lokaci ɗaya ya rufa wa ɗaya asiri, hannu ya ji komai daidai alhali duka biyun sun gaji. Shi ya sa tambayar a ina yake ci ta fi ta yana ci ko ba ya ci amfani. Ita ma ba ta isa ita kaɗai ba. Sai an haɗa ta da wata: da can a ina yake ci? Wanda wurin cin kulocinsa ya yi ta tafiya sama sannu a hankali cikin watanni, kuma duk sanda aka sassauta waya sai wasan ya sake ɓacewa, farantinsa ne ke ƙarewa. Wanda nasa ya canza dare ɗaya, a fara duba waya. Silin ƙarfe ne suka fara tsinkewa, galibi daf da ɗan kan da ke maƙale a hannu, inda waya ke lanƙwasa duk matsa. A ja ƙarfen a leƙa, za a ga gashin waya a tsaitsaye. Wannan kwana kaɗan ya rage mata, kuma ba ta tsinkewa a ƙofar gareji.

Ci ɗin ma kalma ce mai fuska biyu a nan, kamar yadda take a ko'ina cikin Hausa. Kuloci yana ci, lafiya ke nan. Kuloci ya cinye, an shiga kashe kuɗi. Kuma da na farkon ake kaiwa ga na biyun, domin ba ya ci sai da goga. Duk tashi daga tsaye, faranti sai sun ɗan zame a kan juna kafin su haɗe, an kuma yi su ne don haka. Abin da ba a yi su dominsa ba shi ne zaman rabi-rabi: riƙe babur a kan tudu da kuloci maimakon birki, tashi da giya ta biyu saboda ƙyuyar taka ta ɗaya, kutsawa cikin cunkoso yatsu biyu na rataye a kan ƙarfe tun safe har magariba. Wanda ya san titunan Kano kafin a hana acaɓa a watan Janairun 2013 ya san irin wannan tuƙin, hannu ɗaya na wuta ɗaya na rabin kuloci, ana ratsa tsakanin motoci. Faranti a irin wannan aikin ba sa tsufa, ƙonewa suke.

Akwai santsin da ba cinyewa ce ta kawo shi ba, shi ne ya fi ba masu gyara haushi, don ko an sa sabon faranti sai ya sake dawowa. Mai ne. Tunda kulocin a cikin baƙin mai yake zaune, man da ya dace da shi sai ya kasance mai sulɓi ga ƙarafan inji amma ba mai hana faranti cizo ba. Wasu mayukan ƙananan motoci na zamani an zuba musu sinadarin rage goga don tsimin fetur, abin da ke da kyau ga mota mai busasshen kuloci, amma ga babur matsala ce. Wannan ne ya sa masu ƙera babura na Japan suka fito da ma'aunin JASO a 1998. Galan mai ɗauke da MA ko MA2 an gwada shi da jiƙaƙƙen kuloci. Amma wa ke duba galan? Sau da yawa baƙin man da ke shiga baburanmu a kwalba ake aunawa a bakin titi, ba suna ba lamba. In mai babur ya ce santsin ya fara ne bayan juyen mai, to ya faɗi abin da ya fi duk sauran bayaninsa daraja, ko da a ƙarshen zance ya jefo shi, yana laluben aljihu.

Idan gyaran waya bai yi ba, sai a buɗe. A tsiyaye mai, a kwance murfin dama, a sassauta kusoshin sifirin kaɗan-kaɗan ana zagayawa, ba a cire ɗaya gaba ɗaya a bar sauran ba. A nan magana ke ƙarewa, ido da ma'auni su karɓa. Farantin CG mai fata sabonsa kusan milimita 3 ne, in ya sauka ƙasa da 2.6 ya gama aiki. Dubi ƙanƙantar tazarar. Abin da ke tsakanin lafiya da santsi bai kai rabin milimita ba, shi ya sa mai cewa ai da sauran fata a jiki yake yaudarar kansa. Wani kuma kaurinsa na nan amma fuskarsa ta yi baƙi tana ƙyalli, zafi ya gasa ta. Dutsen niƙa ne da ya yi sulɓi, yana nan da nauyinsa amma ba ya cin hatsi. Bambancin kawai, dutse ana koɗa shi ya dawo, wannan kuwa in an goge shi da sanfefa kwana kaɗan yake yi.

Na ƙarfen su aka fi mantawa da su, don ba sa sirancewa a ido. A duba launinsu. In sun yi shuɗi-shuɗi sun sha wuta, wanda ya sha wuta kuma yakan bauɗe. A ɗora shi a kan gilashi a danna gefe. In ya yi rawa, ko siririn ma'auni mai kaurin milimita 0.2 ya shige ƙarƙashinsa, ya tashi daga aiki. Bauɗaɗɗen faranti shi ne mai haɗa ciwo biyu a jiki ɗaya: an kama bai saki duka ba, an saki bai kama duka ba. Mai irin wannan babur in ya ce ba ya kamawa, ta kowace fuska gaskiya ya faɗa. Sai sifirin, a jera su a kan benci kusa da sabo, gajeren ya gaji. Sai tsagin gidan kuloci, a bi shi da farce. Kunnuwan faranti suna dukan wurin duk tashi duk tsayawa, har su sassaƙa masa matakala. Faranti na maƙalewa a cikin matakalar, shi ne babur ke fizga in za a tashi, ko ya ƙi saki yau gobe ya saki.

Dabarun rashin kuɗi suna da yawa, ban kuma raina su ba, don na san abin da ake samu a yinin acaɓa. Ana goge matakalar da zarto, ana cusa washa a ƙarƙashin sifirin don ƙara matsi, wasu har ƙarin farantin ƙarfe suke sakawa. Kowace tana kai mutum gida. Amma zarto faɗaɗa tsagin yake, duka ya ƙaru, matakala ta dawo da wuri. Washa kuwa tana taurara hannu, waya ta ɗauki nauyin da ba nata ba. In makaniki ya gaya wa mai babur cewa wannan lallaɓawa ce zuwa ranar kasuwa, ba laifi. In ya kira ta gyara ya karɓi kuɗin gyara, gyaran gangar Auzinawa ya yi.

Kuloci kuma yana shan zargin da ba nasa ba. Sarƙar da ta miƙe tana tsallake haƙoran da suka cinye, mahayi ya ji kamar santsi, amma wannan da ƙara yake zuwa, ɓarat-ɓarat, santsin gaske kuwa shiru yake yi, kukan inji kawai ke tashi. Injin da zobensa ya gaji ba ya jan kaya, sai a ce kuloci, alhali shi ko kukan ma ba ya iya ɗagawa. Da sanyin hunturu mai kan yi kauri, faranti su manne, giyar farko ta buga da ƙarfi da asuba, in inji ya ɗumama abin ya wuce. Wannan ba ciwo ba ne. Ƙurar wannan lokacin dai tana shiga bawon waya ta haɗu da tsohon maiko, hannu ya yi tauri, ƙarfe ya riƙa komawa a kasalance. 'Yan ɗigon mai a bakin waya sun isa. Akwai ma wanda kulocinsa ke canza hali in ya karya kan babur zuwa gefe guda, wannan waya ce aka bi da ita ta gurguwar hanya, tana ɗamewa in an juya.

Masu babur roba-roba ba su tsira ba, ko da yake ba su da abin kamawa a hagu. Tsarin ya samo asali daga Super Cub ɗin Honda na 1958, inda gudun inji ne da kansa ke sa kuloci ya kama, ƙafar da ke taka giya kuma ita ke sakin sa na ɗan lokaci. Su ma sukan zo da ba ya kamawa, kuma nasu wasan a wani ɗan dunƙulen noti yake a jikin murfin dama. Abin sha'awa, bayaninsu ya fi fita sarai. Tunda hannu ba ya cikin zancen, in sun ce kamu to na faranti suke nufi.

Sabon faranti ba a saka shi a bushe. A jiƙa shi cikin man da zai zauna a ciki tukuna, a jera yadda aka tarar, a ɗaure sifirin ana zagayawa, a mayar da wasa. Daga nan sai maganar da makaniki kan yi yana goge hannu da tsumma: "Malam, ka ɗan yi kwana biyu da shi ka dawo in sake duba waya." Ba neman ciniki ba ne. Sabbin faranti suna kwanciya a farkon aiki, jerin ya ɗan ragu, wasan da aka bari ya tsuke. Kaɗan ne ke dawowa, tunda babur na tafiya. Bayan wasu watanni sai ga mutum ya turo shi, ransa a ɓace, yana cewa jabu aka saka masa. Wani lokaci da gaskiyarsa, jabun kaya sun cika kasuwa. Amma kafin a yi rantsuwa a kan kwalin da aka ciro su, makaniki kan kai yatsa ga ƙarfen hagu, ya tarar ya ɗame tamau, ya kira yaro ya miƙo masa sifana mai lamba 10.